Bayan Mutum Sittin da Shida

A shekarar 1968 wani tsohon soja mai shekara 63 ya zo asibitin 'yan mazan jiya da ke West Roxbury, a gefen birnin Boston na Amurka, ciwon ciki ya hana shi sakat. Aka duba aka ce matsarmama ce, sai an cire. Da yake ba wani babban aiki ba ne, sai aka miƙa shi ga wani matashin likita mai koyon tiyata, Steven Rosenberg, wanda ko talatin bai kai ba. Da ya buɗe fayil ɗin mutumin sai ya ci karo da abin da hankali ba zai ɗauka ba. Shekara 12 kafin nan, a wannan asibitin, an buɗe cikin mutumin an tarar da ciwon daji a tumbinsa, har ya riga ya tsallaka hanta. Likitoci suka yanke fiye da rabin tumbin, suka bar na hantar don babu yadda za su yi da shi, suka ɗinke, suka sallame shi ya je gida ya jira ajali. Ga shi kuwa ya dawo da ƙafarsa, yana ƙorafin wani ciwon daban.

Rosenberg ya fara zaton ko kuskure aka yi a gwajin farko. Ya sa aka tono tsoffin gilasan da aka shafa naman a kai, aka sake sa su a madubin likita. Daji ne, mugun iri ma kuwa. Ranar tiyata, da ya buɗe cikin, sai ya zura hannu ya bi hantar yana shafawa ta ko'ina. Laushi da santsi kawai, babu ko ɗan kumburi. Babu likitan da ya ba mutumin nan magani. Jikinsa ne ya cinye ciwon da kansa.

Abin ya tsaya wa Rosenberg a rai. Ya ɗebi jinin mutumin ya ƙara wa wani mai dajin tumbi, ko abin da ya warkar da wancan yana cikin jini. Bai yi ba, mara lafiyar ya rasu. A 1974 aka naɗa shi shugaban sashen tiyata na Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Bethesda, kusa da Washington, ya ci gaba da lalube. Har aladu ya yi wa allurar naman dajin mutane, ya ɗebo ƙwayoyin garkuwar da jikinsu ya haɗa ya ƙara wa marasa lafiya shida. Ko gezau.

Haske ya fara shigowa a 1976, lokacin da masu bincike a ɗakin gwajin Robert Gallo, a wannan cibiyar, suka gano wani sinadari da jiki ke yi wanda ke sa fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T su yi ta hayayyafa. Shi ne aka sani yau da IL-2. Rosenberg ya rungumi sinadarin. A jikin ɓeraye ya yi aiki. A jikin mutane kuwa, ɗaya bayan ɗaya, mutum 66 aka gwada wa dabarunsa, kuma a cikinsu babu wanda ciwonsa ya ja da baya. Dukkansu mutane ne da kowane magani ya riga ya gaza musu, sun zo da iyalansu da ragowar fatarsu, shi kuma ya san fuskar kowannensu. Ina ganin nan ne nauyin labarin yake. Wani da tuni ya tattara ya koma tiyatarsa, inda ake yanka a ɗinke mutum ya tashi.

Ta 67 ita ce Linda Taylor, hafsa a rundunar sojan ruwan Amurka, mai shekara 33. Melanoma ce ta kama ta, wato dajin da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi, kuma ta riga ta bazu. A watan Nuwamba na 1984 Rosenberg ya yanke shawarar ya ba ta IL-2 fiye da yadda ya taɓa ba kowa. Wannan magani ba ya raga wa jiki: zazzaɓi, makyarkyata mai girgiza gado, jijiyoyin jini su riƙa yoyo har mutum ya kumbura, ruwa ya taru a huhu. Ta sha wannan wahala, aka sallame ta ƙululun da ke jikinta suna nan yadda suke. Bayan wata guda aka yanki ɗaya aka duba, sai ga naman ciki ya mutu. A wata na biyu suka fara ƙanƙancewa. Cikin 'yan watanni babu ko ɗaya. Ta koma bakin aikinta, kuma shekara talatin bayan nan ta dawo Bethesda lafiyarta ƙalau, suka tsaya aka ɗauke su hoto ita da likitanta.

Sai dai irin Linda ba su da yawa. IL-2 kan warkar da ƙalilan sarai, ya wahalar da saura a banza. Sai Rosenberg ya yi wani tunani mai sauƙin faɗa: idan ana neman ƙwayoyin T da suka san ciwon, a ina za a same su in ba cikin ciwon ba? A yawancin ƙululun melanoma da aka yanka, akan tarar da fararen ƙwayoyin jini sun kutsa ciki. Sun gane maƙiyin, sun je wurinsa, amma sun yi kaɗan kuma sun galabaita. To a ciro su, a yi renonsu a waje har su kai biliyoyi, a mayar. A taƙaice ana kiran su TIL. A 1988 ya wallafa sakamakon mutum 20 masu melanoma da ta bazu: ciwon 11 ya ja da baya. Matsalar ita ce ƙwayoyin ba sa daɗewa a jiki, ciwon sai ya dawo. Shekara 14 aka ƙara kafin a gano cewa dole a fara share musu fili da maganin kemo mai ƙarfi, a kwashe ƙwayoyin garkuwar da ke jini, sannan sababbin su samu wurin zama. Zuwa 2011 ya iya nuna mutum 93 da aka yi wa haka, 20 a cikinsu ciwon ya ɓace gaba ɗaya, 19 kuwa sun wuce shekara uku bai dawo ba.

A wannan shekarar ce kuma duniya ta juya masa baya, ba don ƙiyayya ba, sai don an samu hanya mafi sauƙi. James Allison a Amurka da Tasuku Honjo a Japan sun gano cewa ƙwayoyin T suna da wuraren da ake ɗaure su don kada su afka wa jikin mai su, kuma ciwon daji ya iya amfani da waɗannan wuraren ya yi musu dabaibayi. Aka yi magungunan kwance dabaibayin: ipilimumab a 2011, pembrolizumab da nivolumab a 2014. Ba tiyata, ba kwanciya asibiti, ƙarin ruwa ne duk bayan 'yan makonni. A Agustan 2015 Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka da ƙauyukanmu suka sani ta yaƙin da ya yi da kurkunu, ya sanar cewa melanoma ta kama hantarsa da wuri huɗu a ƙwaƙwalwarsa. Yana da shekara 90. Aka yi masa tiyata da gashi, aka sa shi kan pembrolizumab, kafin shekara ta ƙare ya ce ba a ƙara ganin komai ba. Sai da ya cika ɗari ya rasu, a Disamban 2024. Allison da Honjo suka karɓi kyautar Nobel a 2018. Cutar da a da ba ta cika barin mutum ya kai shekara guda ba idan ta bazu, sai ga babban gwajin nan mai suna CheckMate 067 ya nuna cewa cikin waɗanda aka haɗa wa nivolumab da ipilimumab, kashi 43 cikin ɗari suna raye bayan shekara goma.

Mai lissafi ya san ragowar ɗarin nan mutane ne. Kusan rabin masu cutar, ko dai maganin bai karɓe su ba tun farko, ko ya karɓe su na wani lokaci sannan ya sake su. Kwance dabaibayi ba ya amfani idan babu doki a wurin, ko kuwa dokin ya riga ya durƙushe. Wani ciwon ba ya barin ƙwayoyin T su shiga, wani kuma ya goge alamomin da suke gane shi da su. Waɗannan mutanen ne ke zama gaban likita bayan an ɗauki hoto na wata uku, su ji an ce ƙululun sun ƙaru, su ce, «To likita, yanzu sai me?»

Amsar farko wani lokaci ita ce a dakata. Akwai 'yan kaɗan, ba su kai ɗaya cikin goma ba, da ƙululunsu kan yi kamar sun girma a hoto alhali ƙwayoyin garkuwa ne suka cika su. Idan mutum yana jin daɗin jikinsa, yana cin abinci, gwajin jininsa bai lalace ba, akan sake hoto bayan mako huɗu zuwa takwas kafin a ce magani ya gaza. Idan kuwa yana ramewa, ciwo na ƙaruwa, sinadarin LDH na hawa a jini, ba a jira.

Daga nan sai a ƙirga. Idan wuri ɗaya ko biyu ne suka yi taurin kai saura sun kwanta, sau da yawa a yanke su ko a gasa su ya fi a canja magani. Idan ko'ina ne, sai a koma takardar gwajin naman a ga ko ciwon yana ɗauke da canjin ƙwayar halitta da ake kira BRAF, wanda ake samu a kusan rabin melanomar da rana ke jawowa. Mai shi yana da ƙwayoyin haɗiya, dabrafenib da trametinib ko encorafenib da binimetinib, masu aiki da sauri, wani lokaci cikin kwanaki mutum ya ji sauƙi. Aibinsu shi ne ciwon kan koyi kauce musu, galibi cikin shekara guda ko makamancin haka. Shi ya sa likitoci kan ajiye su don ranar da gobara ta tashi, ko don su saya wa mutum lokaci. Wanda kuma pembrolizumab ko nivolumab kaɗai ya sha, akwai ƙofar ƙara masa ipilimumab. Wani gwaji na Amurka da aka wallafa a 2023 ya nuna haɗin ya ja da ciwon baya a kashi 28 cikin ɗari, ipilimumab shi kaɗai kuwa kashi 9. Kuɗin da jiki ke biya shi ne garkuwar kan juyo kan mai ita, ta kama hanji ko hanta ko huhu, kuma wanda ya taɓa shan wannan wahalar da tsanani ba kullum ake iya sake sa shi ba. Har da dashen ƙwayoyin hanji an gwada: a gwaje-gwajen da aka wallafa a 2021, likitoci a Pittsburgh da asibitin Sheba na Isra'ila suka ɗauki bayan gidan waɗanda magani ya karɓa suka dasa wa waɗanda bai karɓa ba, aka sake ba su maganin, shida cikin 15 a Pittsburgh da uku cikin 10 a Sheba suka amfana. Wannan har yanzu yana matakin bincike.

Ga wanda duk waɗannan suka ƙare masa, sai aka waiwayi aikin da aka bari a Bethesda. Turawan Holan da Denmak ne suka yi gwajin da ya raba gardama, ƙarƙashin John Haanen na Cibiyar Ciwon Daji ta Amsterdam da Inge Marie Svane ta asibitin Herlev. Mutum 168, kashi 86 cikin ɗarinsu magungunan kwance dabaibayi sun riga sun gaza musu. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi TIL, rabi ipilimumab. Sakamakon ya fito a Disamban 2022: ciwon ya ja da baya a kashi 49 na masu TIL da kashi 21 na ɗaya ɓangaren, ya ɓace sarai a kashi 20 da kashi 7. A asibitocinsu suka reni ƙwayoyin, ba a kamfani ba, kuma daga Janairun 2023 inshorar lafiya ta Holan ta fara biya. A Amurka kuwa kamfanin Iovance ne ya ɗauki dabarar ya mai da ita haja mai suna lifileucel, hukumar kula da magunguna ta ƙasar, FDA, ta amince da ita ranar 16 ga Fabrairun 2024, shekara 36 bayan takardar Rosenberg ta 1988. Shi ne karo na farko da aka amince da maganin ƙwayoyin T ga ciwon daji mai ƙululu, ba na jini ba.

Ya kamata a ga yadda ake yin sa, domin a nan zaɓin yake da wuya. Likitan tiyata zai yanko ƙululu da bai gaza santimita ɗaya da rabi ba. A sa shi a ruwa mai sanyi, a tura Philadelphia. Can za a daddatsa shi ƙanana, a zuba gutsattsarin cikin ruwan reno mai IL-2. A hankali ƙwayoyin T za su fito daga cikin naman, su yi ta ninkuwa, har cikin kwana 22 su kai biliyoyi. A daskarar da su a dawo da su. Kafin su iso, mara lafiya ya kwanta ya sha kemo na mako guda, cyclophosphamide da fludarabine, har fararen ƙwayoyin jininsa su kusan ƙarewa, ya zama ƙaramin zazzaɓi na iya kai shi lahira. Sannan a rataya jakar, ruwa fari-fari mai kauri ya gangara cikin jijiya. Bayan 'yan sa'o'i a fara IL-2, har sau shida idan jiki ya ɗauka, da makyarkyatar nan da kumburin nan da Linda Taylor ta sani. Mako biyu zuwa uku a asibiti. Sau ɗaya ake yi.

A gwajin kamfanin, cikin mutum 153 da suka riga suka sha magunguna iri-iri, kusan kashi 31 ne ciwonsu ya ja da baya, kuma da yawa daga cikinsu sun shekara da shekaru bai dawo ba. Amma takardar maganin da kanta ta faɗa cewa kashi 7.5 cikin ɗari sun mutu ta sanadin jinyar. Akwai kuma adadin da ba a cika ambata ba, wanda ni a wurina ya fi kowanne magana: mutum 189 aka yi wa tiyatar ciro naman, 156 ne suka kai ga jakar. Wasu ciwon ya riga su, wasu jikinsu ya faɗi a makonnin jira, wasu ƙwayoyinsu ba su yi yawan da ake so ba. Ba a yi wa mai raunin zuciya ko huhu ko ƙoda, ba a yi wa wanda ciwon ke ci a ƙwaƙwalwa ba a shawo kansa ba.

Saboda haka nake ganin kuskure ne a ɗauki wannan jinya a matsayin ta ranar da komai ya ƙare. Wanda ya jira sai ya gwada na uku da na huɗu, sau da yawa zai iso ƙofar ba shi da ƙarfin shiga. Ranar da aka tabbatar maganin farko ya gaza, ranar ce ya kamata a shimfiɗa duk hanyoyin a kan tebur: yaya saurin ciwon yake, ya taɓa ƙwaƙwalwa ko bai taɓa ba, akwai BRAF ko babu, akwai ƙululun da wuƙa za ta iya kaiwa, zuciya da huhu za su ɗauka, akwai gwajin sabon magani da ke ɗaukar mutane. Akwai kuma tambayar da hoto ba ya amsawa, wato me mutumin yake so ya yi da kwanakinsa. Wanda ya ce a rage masa ciwo ya koma cikin iyalinsa, shi ma zaɓi ya yi, kuma bai cancanci a yi masa kallon wanda ya karaya ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan cutar farar fata ce. Gaskiya ne ta fi yawa a cikinsu nesa ba kusa ba, amma baƙar fata na da tata. Takan fito a tafin ƙafa, a tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, inda rana ba ta da hannu. Ita ce ta kashe Bob Marley: a 1977 aka gano ta a ɗan yatsan ƙafarsa bayan an daɗe ana cewa raunin ƙwallo ne, ya ƙi a yanke yatsan, ta bazu, ya rasu a Miami ranar 11 ga Mayun 1981 yana da shekara 36. Abin da ya sa ta fi tayar min da hankali shi ne irin wannan melanomar ba ta da yawan alamomin da ƙwayoyin T ke ganewa, don haka magungunan kwance dabaibayi ba sa karɓar ta kamar yadda suke karɓar ta rana, kuma BRAF ba ta da yawa a cikinta. Ke nan namu mutanen sun fi saurin isa ga «yanzu sai me», da ƙofofi kaɗan a gabansu. Lifileucel kuwa, da ya fito a 2024, dala dubu 515 ne kuɗinsa, ban da tiyata da gado da kemo. Abin da ke hannunmu, kuma yana warkarwa sarai idan aka yi da wuri, shi ne wuƙar likita. Baƙin tabo a tafin ƙafa da ke faɗaɗa, ko gyambon diddige da ya ƙi warkewa wata da watanni ana ta ɗora masa magani ana cewa ƙaya ce ko sammu, a kai shi asibiti a yanki naman a gwada.

Rosenberg ya haura tamanin kuma bai bar Bethesda ba. Tun kafin a amince da TIL ga melanoma ya riga ya matsa zuwa cututtukan da suka fi kashe mutane. Yanzu sukan karanta ƙwayoyin halittar ciwon mutum, su gano alamomin da suka keɓanta da shi, su zaɓo ƙwayoyin T da suka gane waɗannan alamomin kaɗai su rena. Da haka aka yi wa Melinda Bachini, mai dajin bututun madaciya da ya kai huhu, aka wallafa labarinta a 2014. Da haka aka yi wa Judy Perkins, injiniya daga Florida mai dajin mama da ya bazu har hanta, wadda ciwonta ya ɓace gaba ɗaya, aka wallafa nata a 2018. A waɗannan cututtukan waɗanda dabarar ke karɓa ba su kai na melanoma yawa ba tukuna, kuma sashensa na ci gaba da ɗaukar marasa lafiyar da sauran magunguna suka gaza musu.